Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba Ne

Mu tagwaye ne, ajinmu ɗaya. Mahaifinmu yana aiki a Sakkwato, Kakarmu kuwa tana zaune a Maiduguri. Shi ya sa ranar da malamin labarin ƙasa ya ba mu taswira da zare, ya ce kowa ya auna nisan garuruwa biyu, muka zaɓi waɗannan. Muka miƙa zare daga filin jirgin sama na Sultan Abubakar III har zuwa na Maiduguri, muka gwada shi a kan ma'aunin taswira, muka sami kilomita wajen 860. Malam ya ce mu ɗauka jirgi yana cin kilomita 700 a awa guda. Da muka raba, sai muka sami awa ɗaya da kwata. Muka ci maki goma cif, muka yi ta taƙama.

Da hutun ƙarshen shekara muna Sakkwato, sai saƙo ya zo cewa Kaka ba ta da lafiya, tana kuma kiran sunanmu. Nan da nan muka ce, "Baba, mu bi jirgi mana. Ai awa ɗaya da kwata ne kawai." Baba ya yi murmushi, ya sayi tikiti da kuɗin da ya daɗe yana tarawa. Kawunmu kuwa ya ce shi dai mota zai bi.

A nan ne muka fara koyon abin da zare bai faɗa mana ba. Babu jirgin da zai kai mu kai tsaye, dole sai mun bi ta Abuja. Daga Sakkwato zuwa Abuja kilomita wajen 490 ne, daga can zuwa Maiduguri kuma wajen 710. Wato tafiyar ta zama kilomita 1,200. Ga kuma hazon hunturu ya rufe sama, direban jirgi ba zai sauka inda ba ya ganin hanya ba. Muka zauna tun hantsi har la'asar. Kafin mu isa Abuja, jirgin Maiduguri ya riga ya tashi. Muka kwana a can, barci ya ƙi zuwa, kowa yana tunanin ko za mu tarar da ita.

Washegari da yamma muka sauka Maiduguri. Wa muka gani a ƙofar gida? Kawu! Ya bi ta Gusau da Funtuwa ya kwana a Kano, da asuba ya wuce Potiskum da Damaturu, tun azahar yana gida. Kaka kuwa ta sami sauƙi, har tana zaune a kan tabarma. Ta dube mu ta ce, "Ashe masu fukafukai ne na ƙarshen zuwa?" Kowa ya yi dariya, mu kuwa har da hawaye.

Lissafinmu bai yi kuskure ba. A sama ba mu yi awa uku ba, amma tafiyar ta ci mana fiye da awa ashirin da huɗu. Taswira tana nuna nisa ne kawai, ba ta nuna jira, ko hazo, ko ranar da jirgi yake tashi.

Ƙannenmu da za ku riƙe zaren nan baɗi, ku auna da kyau. Amma in tafiya ta taso, ku fara tambayar wanda ya taɓa bin hanyar.