Maƙogwaron Tsohuwar Mota

'Yan'uwana mata, yau zancen mota zan yi muku. Da yawa cikinmu, malaman makaranta da ma'aikatan asibiti, mun yi adashi mun sayi 'yar Kwatano, amma in ta yi ciwo sai mu miƙa wa bakanike mabuɗi mu koma gindin bishiya, abin da ya faɗa shi ke nan. Ni kuwa albashina bai kai in yi haka ba.

Tawa ƙirar 2005 ce, ta ci kilomita fiye da 280,000. Da sanyin bana ta soma wani hali. In na ta da ita da asuba sai ta yi ta karkarwa kamar mai masassara, in na tsaya a mahaɗa ta nemi mutuwa, ga shan mai. Aka ce manifol ne.

To, mene ne manifol? Kun dai san murhu ba ya ci sai da iska. Haka injin yake. In an auna da nauyi, kowane kashi 1 na fetur yana bukatar iska wajen kashi 15. Manifol shi ne maƙogwaron da ke raba iskan nan, bututu ne mai rassa huɗu a irin motata, kowane reshe da silindarsa. Tururin baƙin mai yana bi ta cikinsa, a waɗansu motoci har da hayaƙin da a kan komar cikin injin. In ya gamu da ƙurar hunturu, shekara da shekaru, sai ya daskare baƙi ƙirin, kamar kunkunniya a rufin madafa. Sa'an nan akwai gasket, watau zoben roba da ke tsakaninsa da kan injin. In ya tsufa ya kan bushe ya ƙanƙance, musamman da sanyi, sai iskar da ba a auna ba ta riƙa satar hanya. Nawa har wani ɗan shiii yake yi, in an kasa kunne.

Ran gyara na ɗauki kujera na zauna dab da motar. Bakaniken, dattijo ne, ya dube ni ya ce, "Malama, jarrabawa za ki yi mini?" Na ce, "A'a Baba, ɗaukar karatu na zo." Ya yi dariya, ya bar ni.

Sai da injin ya huce ya cire wayar batir, ya sa wa kowane tiyo alama kafin ya zare shi. Da ya ɗaga manifol, nan da nan ya toshe ramuka huɗun nan da tsumma mai tsabta. Wannan fa shi ne babban abu. Noti ɗaya in ya faɗa ciki aka ta da mota, fistin da bawul sun lalace, kuɗin gyaran kuwa ya ci albashin watanni. Wankin kansa ba wuya: a ƙasa aka yi shi, da maganin feshi da buroshi, aka bar shi ya bushe sarai. Yaronsa ya ce a babbake dattin da wuta don sauri. Baba ya daka masa tsawa, domin na irin motocin nan na roba ne, narkewa zai yi.

Inda muka ɗan ja shi ne gasket. Ya ce a shafa wa tsohon gam a mayar, don ya rage mini kuɗi. Na gode masa, amma na ƙi. Robar da ta mutu gam ba ya ta da ita, bayan 'yan watanni sai a sake kwancewa, a sake biyan kuɗin aiki. Na aika aka sayo sabo. Da zai ɗaure, daga notin tsakiya ya fara, yana yi waje kaɗan kaɗan, don ya zauna daidai kada ya tsage.

Tsohon gasket ɗin na sa a jaka na tafi da shi makaranta. Ran Litinin muna darasin iska da 'yan aji shida, ya zaga hannu hannu, wata yarinya ta lanƙwasa shi ya karye kamar busasshen kara.