Goron Sallah Da Ƙarar Nakawut

Ban sani ba ko ke ma kin taɓa riƙe hannun ɗanki a asibiti ranar Sallah, alhali tuwonki yana can kan wuta. Ni dai na yi, ba na kuma fatan ki yi.

Autana ne, shekararsa bakwai. Ya tara goron Sallar da kawunnansa suka ba shi, ya wuce shagon bakin layinmu ya sayo nakawut, wannan ɗan abin fashewa da ake ƙyastawa kamar ashana a jefar. Ya ƙyasta ɗaya, ya jefa, shiru. Sai ya koma ya ɗauka don ya ga abin da ya hana shi tashi. A tafin hannunsa ya fashe. "Umma, hannuna!" kawai na ji daga zaure. Allah Ya taƙaita, yatsun suna nan, amma sai da ya yi makonni bai riƙe alƙalami ba. Abin da har yau yake tayar mini da tsigar jiki shi ne galan ɗin man janareto da ke ajiye a zauren, taku uku daga inda ya tsaya.

Da na je wa mai shagon da ƙorafi, cewa ya yi, "Haba Hajiya, ai al'ada ce, Sallah ba ta armashi sai da ƙara." Na daɗe ina juya maganar nan, don akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Muna yara Baba yakan kai mu kallon Hawan Daushe, 'yan bindiga su saki harbi, hayaƙin albarushi ya turnuƙe, mu toshe kunne muna dariya. Kakata ma takan ba mu labarin wowwo, yadda matasa ke jifan juna da wuta a daren cika-ciki. Ba zan so a raba jikokina da ƙarar bindigar hawa ba.

Amma ki duba da kyau. Ɗan bindiga babba ne, ya gaji abin, ya san awon albarushinsa, sama yake harbawa, kowa kuma ya san rana da wurin da za a yi. Nakawut fa? Albarushin ne dai, a hannun yaron da bai iya ɗaure tazugensa ba, cikin lungun da ke da tsoho mai hawan jini da mai jego. Mu da muka ji fashe-fashen Kano na 20 ga Janairun 2012, har yanzu ƙara ba wasa ba ce a wurinmu. A ƙarshen shekarar ma, ranar 26 ga Disamba, wani rumbun ajiyar irin waɗannan kaya ya kama da wuta a Jankara ta Legas, ya ci gine-ginen da ke kusa.

'Yan sanda sun sha sanar da haramci idan biki ya gabato, ina kuma goyon bayansu. Sai dai ɗan sanda ba ya shiga aljihun ɗanki. Ke ce kike shiga. Bana ni da maƙwabtana huɗu mun haɗu mun roƙi mai unguwa ya yi wa masu shaguna magana kafin azumi ya kai goma. Goron Sallah kuwa a asusu yake kwana, a fasa bayan kwana uku a gabana. Autan ya riga ya ce ƙwallo zai saya, babansa yana ta lissafin gilashin taga.