Kakar tuffa a Vermont

A arewa maso gabashin Amurka, dab da iyakar Kanada, akwai wata ƙaramar jiha mai tsaunuka da ake kira Vermont. Daga tsakiyar Satumba har ƙarshen Oktoba ganyayen itatuwanta kan rikiɗe su koma ja da ruwan ɗorawa, sanyi ya fara saukowa, tuffa ta nuna. Lokacin ne kakarsu. Mutanen Boston da na Niyok kan ɗauki mota su yi tafiyar awoyi, su shiga garake su tsinki tuffa da hannunsu, su biya a bakin ƙofa. Amma abin da ke tsayar da su a layi shi ne wani fanke mai huda a tsakiya, wanda ake kwaɓawa da ruwan tuffa.

Wanda ya yi lakwal ya san abin da Faransawa ke kira sidir giya ne, sai dai a Amurka sunan ya sauya ma'ana. Can, ruwan tuffa ne da aka matse, ba a tace ba, bai kuma yi tsami ba. Mai sa maye sunansa dabam. Tun bayan dokar hana giya ta 1920 zuwa 1933 mai zaƙin ya mamaye kasuwa. Fanken kuwa ya bazu ne a 1951, sa'ad da kamfanin Adolph Levitt, mutumin da ya ƙera injin yin fanke a Niyok, ya fito da shi don cinikin kaka. Masu garake suka karɓe shi hannu biyu, domin tuffar da ta ƙuje ko ta ƙanƙance, wadda ba mai saye, ta sami amfani.

A garka cikin mai ake soya shi, a gida kuwa yawanci gasawa ake yi. Sirrin aikin yana ga tafasa. Uwargida kan zuba kofi 2 na ruwan tuffa a tukunya, ta bar shi bisa wuta har ya ƙone ya koma rabin kofi, ya yi kauri da duhu. In ba haka ba, ɗanɗanon tuffar ɓacewa yake cikin gari. Bayan ya huce sai ta haɗa shi da garin alkama, ƙwai, man shanu, sukari, kirfa, gyaɗar ƙamshi da hodar da ke sa ƙulli ya tashi. Tandar da ake zuba ƙullin ƴar'uwar tandar masa ce, illa kowane gurbi yana da tsini a tsakiya, shi ke fidda hudar. Minti 12 ko 15 cikin tanderu mai zafin digiri 180 sun isa. Da zafinsa ake shafa masa man shanu, a birkiɗa shi cikin sukari da kirfa. Ba ya son kwana.

Ƙamshin nan yana da tushe, tushen kuwa ba shi da tabbas. Fiye da rabin tuffar Amurka daga jihar Washinton take fitowa, can yamma, inda gonaki ke da faɗi ƙwarai. Ƙaramin manomin Vermont ba ya iya ja da su wajen farashi, saboda haka baƙin kaka da ruwan tuffa da fanke su ne ke riƙe da gidansa. A daren 18 ga Mayun 2023 sanyi mai daskarewa ya sauko bisa itatuwa suna tsakiyar fure, garake da dama suka yi asarar mafi yawan amfaninsu. Da kaka ta zo, wasu sai da suka sayo tuffa daga nesa kafin su matse.

Tun daga nan, mai fanke a Vermont ba Oktoba kaɗai yake jira ba. Tun watan Mayu yake sa ido ga sama.