Tarkacen Majema da Ruwan Kainji

Mu mutanen Yawuri da Ngaski da Shanga, ruwa shi ne gonarmu ta biyu. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, tafkin nan ne yake ba mu kifi, a gefensa muke noman albasa, a cikinsa 'ya'yanmu suke wanka. Duk abin da aka zuba masa, a tukunyarmu zai ƙare. Dalili ke nan nake so mu yi magana a kan tarkacen jima.

Kawuna majemi ne, a hannunsa na girma kusa da Yelwa. Yakan jiƙa fatar akuya cikin ruwan toka har gashi ya saki, ya kankare shi, ya cire sauran nama da kitse, sa'an nan ya tsoma fatar cikin ruwan bagaruwa. Aiki ne mai wari, mai barin tarkace da yawa. Amma ban taɓa ganin ya kai ko ƙwarya ɗaya bakin ruwa ba.

Kitsen da ya kankare, yakan narka shi ya tace, ya shafa wa fatar da ta jemu don ta yi laushi. Gefe-gefen ɗanyar fata da ya yanke, yakan dafa su har su zama danƙo, dukawa su saya su yi liƙi da shi. Ruwan bagaruwa da ƙarfinsa ya ragu, a ciki yake fara tsoma sabuwar fata, gama ruwa mai ƙarfi yakan jeme bayan fata ya bar cikinta ɗanye. Gashi kuwa magina ne suke kwasa, su haɗa da katsi da dafara su yi laso.

Manyan masana'antun fata na Kano, a Challawa da Sharaɗa da Bompai, da wani sinadari mai suna kurom suke jima. Yana da sauri fiye da bagaruwa, amma ragowar ruwansa guba ce ga kifi da gona. Masana sun samo dabara: a tara ruwan da aka gama aiki da shi, a zuba masa wani farin gari, kurom ya kwanta a ƙasa, a narka shi a sake jima da shi. Ɓurɓushin fata kuma akan haɗa shi da danƙo, a matse ya zama faifai na shimfiɗar cikin takalmi. Ashe hikimar kawuna ce aka sa wa inji.

'Yan'uwa, ku tuna da Yohanna sura 6. Bayan da Yesu ya ciyar da mutum dubu biyar, ya sa almajirai suka tattara ragowar gurasa, har ta cika kwando goma sha biyu. Mai ikon yawaita abinci bai yarda da ɓarna ba, balle mu.

In kuna da majemi a gida ko a unguwa, ku taimake shi ya haƙa rami nesa da tafki da rijiya, ya ware kitse da gashi da guntayen fata. Zai sami ƙarin kuɗin cefane, maƙwabcinsa masunci kuma zai sami kifi mai lafiya. Allah ya ba mu ikon riƙon amanar abin da ya danƙa mana. Amin.