Masu Gyaran Tsohuwar Rediyo

A ƙauyukan Roni da Gwiwa, har zuwa Babura can bakin iyakar Nijar, rediyo ce abokiyar hirar dattawa da asuba. Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shiri tun 1957, kuma tsofaffin akwatunan da ke kamo shi a gajeren zango ba su ƙare ba. Masu gyara ne suka raya su.

Ina yawan tunanin aikinsu. Zafin bazara yana busar da kafasita, sai murya ta dusashe. Ƙurar hunturu ta shige maɓallin sauti. Batirin da aka manta a ciki ya zubo, ya cinye ƙarfe. Mai gyara a Kazaure ba ya aikawa kasuwar Sabon Gari ta Kano sai dole. Yakan fara tona matattun rediyoyin da ke ƙarƙashin teburinsa, ya ciro abin da ke da sauran rai, ya manna da dalma. In babu wuta, ya ɗora ƙarfen narka dalmar a garwashi.

A Amurka da Turai akwai masu sha'awar rediyo da ke lallaɓa na'urorin shekarun 1980, masu aika rubutu tsakanin kwamfutoci ta iska, babu intanet. Su ma kafasitar suke canjawa. Su dai nishaɗi suke yi. Namu kuwa manomi ne mai jiran hasashen damina da farashin taki, wanda kuɗin sabuwar rediyo cefanen gidansa ne.

Abin da ke damuna, yaran da ke koyon sana'ar yanzu gyaran waya suka nufa.