Mesar da aka ba ni amana ta ƙi cin abinci

Da wani ya ce min wata rana zan kasa barci saboda maciji ya ƙi cin abinci, da dariya zan yi masa. Amma haka ta faru da ni a nan Ingila, inda nake aikin jinya.

Wata abokiyar aikina ce tafiya ta kama ta na wata uku, ta roƙe ni in riƙe mata mesarta. Ƙaramar mesa ce, ba ta kai mita ɗaya da rabi ba, ba ta da dafi, in ta tsorata sai ta naɗe kamar ƙwallo. Asalinta ma daga wajenmu ne: ana samun irinta a Ghana da Togo da Benin da Najeriya, a ramukan ɓeraye da cikin suri. Turawa ne suka mayar da ita abin kiwo. Ɗana na fari ya yi ta magiya har na yarda. Da na gaya wa Hajiyarmu a waya, salati ta yi, ta ce, "Ke, Turai ta taɓa miki kai ne?"

Ƙa'idar ita ce ɓera ɗaya duk mako biyu, daskararre, a narke shi a ba ta. Ranar farko ta kau da kai. Bayan mako biyu ma haka. Muka shiga mako na bakwai ba ta sa komai a bakinta ba. Yaron kullum cikin hawaye, wai za ta mutu a hannunmu, ni kuma amana ce ta tsaya min a rai. Har na fara tunanin buɗe mata baki in yi mata ɗura.

Na kira mai ita. Ta ce kada in kuskura, ɗura aikin likitan dabbobi ne, shi ma sai in babu wata mafita. Ta ce irin wannan mesa kan yi watanni ba ta ci ba, musamman lokacin sanyi, ko in za ta yi saɓa, ko in an canja mata wuri. Abin dubawa shi ne nauyinta da numfashinta. In ta rame sosai, ko tana numfashi baki buɗe, ko majina na fita, to a kai ta asibiti.

Sai na koma abin da na iya. Na auna ta a ma'aunin kicin, na tarar gram 30 kawai ta rage cikin 1,400. Na duba akwatinta, ashe laifina ne. Na ajiye shi a falo kusa da talabijin, yara na ta leƙe, ɓangaren da ya kamata ya kai digiri 31 ko 32 bai wuce 26 ba. Na mayar da shi ɗaki mai shiru, na gyara ɗumin, na ƙara mata maɓoya, na hana a taɓa ta. Na ɗumama ɓeran sosai, domin da wasu ƙananan ramuka a leɓenta take jin ɗumin abin farauta. A mako na tara, da daddare, ta cafke shi.

Abin da ya ba ni kunya shi ne, a asibiti a gida na sha ganin yaran da aka yi wa ɗurar koko ya bi ta hanyar iska ya sauka a huhu. Na sha yi wa iyaye faɗa a kai. Sai ga shi tsoro ya kusa sa ni aikata hakan.

'Yan'uwa mata, yaro ba mesa ba ne. Jaririn da ya ƙi kama nono, a ranar ake kai shi asibiti, ba a jira. Amma kafin ki danne hannun yaro ki toshe masa hanci, ki duba ko zazzaɓi yake, ko bakinsa ne ke ciwo, ko hayaniya ce ta yi masa yawa.

Mai mesa ta dawo ta karɓi abarta lafiya. Yaron yanzu zomo yake roƙo, kuma na amince.