Ni da Malmalar Tuwo

Ranar da likita ta ce sukarin jinina kafin karin kumallo ya haura 126 a gwaji biyu, wato ina da ciwon sukari, tuwo ne ya fara faɗo mini a rai. A gidanmu, wanda bai ci tuwon dare ba da yunwa ya kwana, ko da ya ci kaza guda.

Sannu a hankali na gane cewa tuwon masara, farar shinkafa, burodi da kunu duk sukari suke komawa a jini, ko ba a zuba musu ko ƙwaya ɗaya ba. Na'urar gwaji ce ta nuna mini haka, awa 2 bayan cin abinci. Sai na rage malmala, na yawaita miya: kuka, kuɓewa, alayyaho. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli ya zama abincin ranata, wani lokaci da dafaffen ƙwai ko kifi. Lemon kwalba kam mun yi sallama.

Abin da ya fi yi mini nauyi shi ne gidan biki. Gwaggo ta miƙo fura da hannunta, ta ce, "Sha mana, ɗan nan," ni kuwa ina neman yadda zan ƙi ba tare da na ɓata mata rai ba. Yanzu nakan faɗa mata gaskiya, kuma takan fahimta.

Duk da haka ban daina shan maganin sukarina na metformin ba. Mai yin allurar insulin kuwa, don Allah ya shawarci likitansa kafin ya rage tuwo, domin sukarin da ya faɗi ƙasa da 70 yana iya sumar da mutum.